Amsoshin Tambayoyinku: Wane Tsohon Tsari Zan Ɗora a Manhajar Kwaikwayo?

Wani mai sauraronmu daga Damagaram yana tambaya: yana son gwada tsohon tsarin kwamfuta, irin wanda ake rubuta umarni da haruffa a baƙin allo, cikin manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar na'ura. Wanne zai zaɓa?

To, Malam, ya danganta da abin da kake nema. In tsofaffin wasanni ne, DOSBox ta ishe ka, don tana ɗauke da nata tsarin DOS a ciki, ba sai ka ɗora komai ba.

In kuwa koyo kake so, mu dai FreeDOS muka fi ba ka shawara. Jim Hall ne ya fara aikinsa a 1994, lokacin da Microsoft ke shirin barin MS-DOS. Kyauta ne, har yanzu ana gyara shi, kuma yana tafiyar da yawancin tsofaffin manhajojin DOS. Ɗora shi a manhajar kwaikwayo irin VirtualBox ko QEMU, ka fara da umarnin DIR, CD da COPY.

Akwai kuma CP/M na Gary Kildall, yayan DOS ke nan. Amma shi don na'urori masu ƙwaƙwalwar Intel 8080 da Z80 aka yi shi, sai ka nemi manhajar kwaikwayo ta daban.