Amsoshin Tambayoyinku: Ko Mutanen Dā Sun San Makoki?

Tambayar yau daga Malama Asabe ce, daga Figil a arewacin Kamaru. Ta yi jinyar mahaifiyarta har Allah ya karɓi abinsa, shi ne take tambaya: shin mutanen dā can ma sun san jinya da makoki?

Malama Asabe, Allah ya jiƙan Inna, ya ba ku haƙuri. Ƙwarai sun sani, kaburburansu ne shaida. A Gobero, cikin hamadar Tenere ta Nijar, masu haƙar kayan tarihi sun tarar da mace da yara biyu a kabari ɗaya, suna fuskantar juna, hannuwansu a sarƙe. Kimanin shekara 5,000 ke nan da binne su. An kuma samu ƙurar furanni a ƙarƙashinsu. A ganina, wanda ya shimfiɗa furannin nan mai makoki ne.

Jinya kuwa, a kogon Shanidar na Iraƙi an tono ƙasusuwan wani mai shanyayyen hannu da ya daɗe a raye bayan raunukansa. Lallai akwai masu ciyar da shi.

Malama, kada ki kulle kanki a ɗaki da kewa, ki riƙa zama cikin 'yan'uwa.