Darasi: Kishin Ƙasa da Taimakon Marasa Muhalli

Da safe 'yan firamare na Mashi sukan yi layi a gaban tutar Nijeriya. Sukan rera taken ƙasa, su yi alkawarin yi mata hidima. Tutar kore ce da fari. Kore alamar noma ne, fari kuwa alamar zaman lafiya. An fara ɗaga ta ranar 1 ga Oktoba, 1960.

To, amma ƙasa ai mutane ce. Mai kishinta ba ya barin maƙwabcinsa ya kwana a waje.

Abubuwa da dama kan raba mutum da gidansa. Ruwan Agusta kan rushe ginin ƙasa. Gobara kan cinye ɗakin ciyawa lokacin hunturu. Wasu kuma 'yan bindiga ne suka kore su daga ƙauyukansu. A 2022 ambaliya ta raba mutum fiye da miliyan ɗaya da gidajensu a Nijeriya.

Maganin da aka gada shi ne gayya. Mai unguwa ya sa rana. Magina su kwaɓa ƙasa, su yi tubali. Mata su dama fura. In an tashi daga makaranta, yara su ɗebo ruwa, su kawo kara. Dagaci ya kai sunayen waɗanda abin ya shafa ofishin ƙaramar hukuma. Manomi ya tuna da su in zai fitar da zakka.

Yaron da ya ɗebo ruwan gayya ya fara cika alkawarinsa ke nan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi
1. Me farin tuta yake nufi?
2. Wane aiki yara za su yi a wurin gayya?