Yadda Ake Gane Hayaƙin Salansa da Saita Kafiretar Tsohuwar Mota

Tsofaffin motoci irin su Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, ba su da kwamfutar da za ta faɗi ciwonsu, sai dai a duba salansa. Abin haushi, da hayaƙi ya fito sai a zari sukudireba a nufi kafireta, alhali cikin hayaƙi kala uku, ɗaya kaɗai ne laifinta.

Da farko fitar da motar fili, don hayaƙin mota a rufaffen gareji yana kisa. Tayar da ita, ka bari inji ya yi zafi, sannan wani ya taka totur kai kuma ka tsaya a baya kana kallo.

Farin tururi da sanyin safiya ba komai ba ne, yanzu zai ɗauke. In ya ƙi ɗaukewa, kuma ruwan lagireto yana raguwa, zaro gejin baƙin mai. Idan man ya koma kamar shayi da madara, ruwa na shiga inji, galibi gaskit ne ya ƙone. Shuɗin hayaƙi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa: in da tashin farko ne kawai, robobin bawul sun bushe, in duk taka totur sai ya turnuƙe, ringi ya cinye. Duka biyun aikin buɗe inji ne, murɗa kafireta ba zai yi musu komai ba.

Baƙin hayaƙi mai warin ɗanyen fetur shi ne namu. Fetur ya yi wa iska yawa. Amma kada ka yi gaggawa. Buɗe iyakilina tukuna, domin ƙurar hunturu kan toshe matatar har inji ya kasa shaƙar iska, kuma sau da yawa nan maganar take ƙarewa. Leƙa cok ka tabbata faifansa ya buɗe sosai bayan inji ya yi zafi. Sai ka kwance filogi. Baƙin gawayi busasshe a bakinsa, fetur ya yi yawa. In ya jiƙe da maiƙo, baƙin mai ne. Fari fat, fetur ya yi kaɗan. Ruwan ƙasa-ƙasa shi ake nema. A gyara kwantak da taimin kafin a taɓa kafireta, in ba haka ba aikin baya za a yi.

Yanzu saiti. Ƙusoshi biyu ne: ɗaya ta silo a jikin hannun totur, ɗaya ta daidaita fetur da iska a gindin kafireta. Kashe mota, ka murɗa ta gindin ciki a hankali kana ƙirga zagayen, don ka san inda ka same ta. Da ta taɓa ƙarshe ka tsaya, matsi yana ɓata tsininta. Warware ta zagaye 2, ka tayar da mota. Riƙa shigar da ita kwata-kwatan zagaye, kana dakatawa kaɗan bayan kowane murɗi, har inji ya fara rawa kamar zai mutu. Sai ka dawo da ita baya sannu a hankali zuwa inda ƙarar ta fi daidaita. Kunne ne ke wannan aiki, kashe rediyo. Daga nan ka sauke silo da ɗaya ƙusar zuwa wajen juyi 800 ko 900 a minti.

Wannan saitin silo kawai yake gyarawa. In baƙin hayaƙi na nan a kan hanya, buɗe murfin kafireta ka girgiza fulot kusa da kunne. Jin motsin fetur a ciki na nufin ya huje, a sake shi tare da allurarsa. Jet kuwa da iska ake busa shi. Duk bakaniken da ya ɗauko waya zai zura masa, riƙe hannunsa, domin ramin da ya faɗaɗa ba ya komawa, sai dai sayen sabo.