Darasi Game da Awon Nauyin da Muka Ɗora wa Gona

 Ya ƴan uwa, kowane manomi a cikinmu ya san yawan dammunan da ya kai rumbu, domin da su ake fidda zakka. Amma kaɗan ne suke auna wahalar da gonar ta sha kafin ta ba da su.

Masana noma suna da awo mai sauƙi, wanda wani Bajamushe, Hans Ruthenberg, ya yaɗa. A ƙirga shekarun da aka noma gona, a gwada su da jimillar shekarun noma da na hutu. Gonar da aka noma shekara 3, aka bar ta saura shekara 7, nauyinta 30 ne cikin 100. In ya wuce 66, an shiga noman dindindin. To, a ƙasar Matamaye da Kance gonakinmu da yawa 100 ne cikin 100, saboda jama'a ta yawaita, rabon gado ya daddatse gandaye, daji kuwa ya zama gona.

Sakamakon ba ɓoyayye ba ne. Ƙasa ta gaji, ƙuduji ya bayyana, zangarniya ta ƙanƙance. Sannan muna kwashe kara kaf don dabbobi da girki, sai iskar farkon damana ta tarar da gona tsirara, ta binne shuka da rairayi, a sake shuka sau biyu ko uku.

Sai dai wannan awo bai isa shi kaɗai ba. Dole a haɗa shi da ƙirgar itatuwa a hekta guda, wato mita 100 tsawo, 100 faɗi. Bayan farin 1984 manoman nan suka riƙa barin tohon gawo lokacin sassabe, abin da ake kira sassaben zamani. Binciken 2006 ya kimanta cewa itatuwa sun dawo a kan hekta kusan miliyan 1 a Magarya, Matamaye da Mirya, akasarinsu gawo.

Gawo yana zubar da ganye da damana, don haka inuwarsa ba ta cutar hatsi. Ganyen taki ne. Da rani dabbobi su taru ƙarƙashinsa don ƴaƴansa, su bar kashinsu. Saboda haka gonaki biyu da ba su taɓa hutawa ba, mai gawo da maras shi, nauyinsu ba ɗaya ba ne. Mai gona ya rubuta shekarun hutu, da dammuna, da yawan gawo kowace kaka, ya gwada bana da bara.

Allah ya ba mu damana mai albarka.