Sinadaran Cire Matacciyar Fata

Fatar ɗan Adam takan sabunta kanta kusan kowane mako 4. Dilka goge matattun ƙwayoyin fata take yi, su kuwa waɗannan sinadarai sassauta abin da ke liƙe su suke yi. Gilaikolik asid, wanda ake samu a rake, ya dace da busasshiyar fata. Salisilik asid yana narkewa cikin maiƙo, don haka yakan kutsa ƙofofin gashi ya rage ƙuraje.

Ɗalibi ya lura, kada ƙarfin na farkon ya wuce kashi 10 cikin 100, na biyun kashi 2. A fara da sau 2 a mako, da dare, a kuma kare fuska daga rana. Yawaitawa kan ƙone baƙar fata, ta bar tabo mai duhu da kan yi watanni bai ɓace ba.