Kafin ka sayi ƙaramar motar haibirid, saurari wanda ya zauna da ita

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da janye tallafin man fetur, tambayar da masu mota ke kawo mana gareji ta sauya. A da mutum zai tambaye ka wace mota ce ke jure wahala, wace ce ake samun kayanta a Ƙofar Ruwa ba tare da dogon yawo ba. Yanzu tambayar ɗaya ce: wace ce ba ta shan mai? Ba laifinsu ba ne. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce naira 1,000. Shi ya sa motocin haibirid, masu haɗa injin fetur da wutar lantarki, waɗanda a da ake wuce su a wurin dillalai ana taɓe baki, suka zama abin nema.

Sana'ata gyaran wutar mota ce a Kano, mu ne ake ce wa 'yan rewaya. Motar hawana kuma ƙaramar haibirid ce, Toyota Prius c ƙirar 2013, wadda ta sha aiki a Amurka kafin ta iso hannuna. Na daɗe da ita. Da ita nake kai yara makaranta, da ita nake zuwa ganin gida, kuma na kwance irinta da yawa na masu kawo mana aiki. Abin da zan faɗa na gan shi daga kujerar direba, na kuma gan shi daga ƙarƙashin kujerar baya, inda batirin yake.

Motar ba sabon abu ba ce. Toyota ta fitar da Prius a Japan tun 1997, wannan ƙaramar kuma ta fito a ƙarshen 2011 da sunan Aqua, aka kai ta Amurka da sunan Prius c. Ba a jona ta da wutar gida, don haka masu tambayata yadda za su yi in babu wutar NEPA su kwantar da hankalinsu. Tana da injin fetur mai lita 1.5, da injinan lantarki biyu a cikin giya, da babban batir. Injin ne ke cajin batirin, sannan duk sanda ka taka birki a hankali, ƙarfin gudun da wata mota za ta ƙona a banza, ita sai ta mayar da shi wuta ta adana.

Maganar ƙarancin shan mai gaskiya ce. A cunkoson 'Yankura ko na Kantin Kwari, inda ake tafiya taku ɗaya a tsaya, injinta kashe kansa yake yi, motar ta riƙa lallaɓawa da wuta, na kusa da kai kuwa injinsa na ruri yana cin kuɗi a tsaye. Gwajin hukumar kare muhalli ta Amurka ya ba ta kimanin kilomita 22 a lita ɗaya a cikin gari, da ɗan ƙasa da 20 a babbar hanya. A nan, da esi a kunne da irin hanyoyinmu, ba ka cika kaiwa can ba, amma kowa ya hau ta wata guda zai ji bambancin a aljihunsa. Sai dai a lura da yadda alƙaluman suka zo: ta fi riba a cikin gari. A hanyar Kaduna ko ta Abuja, in ka ɗora mata mutum huɗu da kaya ka ce sai ka bi sahun manyan motoci, ƙaramin injin ne kaɗai zai ɗauki nauyin, ya yi ta kuka, ribar ta ragu, shan gaban tirela kuma sai ka yi lissafi sosai. Tsakanin cikinta da ƙasa bai wuce santimita 14 ba, ba motar hanyar ƙauye da damina ba ce.

Akwai kuma abubuwan da ba ta taɓa nema a wurina ba, domin ba ta da su: babu altaneta, babu kik, babu fambel, babu kuloci. Fatun birkinta na daɗewa ƙwarai, tunda wuta ce ke yin yawancin aikin rage gudu.

Inda maganar take shi ne batirin. Na ƙaramar Prius yanka 20 ne jere da juna, kowanne yana ba da bolt 7.2, jimla 144. Na babbar Prius ƙirar 2004 zuwa 2015 yanka 28 ne, ya ɗan haura bolt 200. Babban abokin gabarsa zafi ne, mu kuma a watannin Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi na wuce 40 a inuwa, balle cikin motar da aka rufe aka bari a rana. Kamfanin ya yi wa batirin ƙaramar fanka da ke zuƙo iska daga cikin motar, ta wata 'yar taga mai raga a gindin kujerar baya. Wannan tagar ce numfashinsa, kuma ita ce abin da masu motar ba su ma san da ita ba.

Wani ma'aikacin gwamnati ya kawo mini tasa bayan hunturu, gargaɗi ya cika masa allo, motar ta rasa ƙarfi. Yana sauka ya ce, "Malam, an ce batirin ya mutu, kuɗin da aka yanka mini kuwa ya kusa albashina na wata da watanni." Na ce, "Yallaɓai, bari mu duba tukuna." Na durƙusa a ƙofar baya, sai na tarar an yi wa ƙasan motar shimfiɗar leda mai kauri don kada yara su ɓata, ledar ta hau ta rufe tagar ruf. Da muka ciro fankar, fikafikanta sun cushe da jar ƙura da ta dunƙule da gashi da zaren darduma, ta yi tauri har sai da muka sa tsinke da buroshi muna ɓamɓarowa. Muka wanke, muka yanke ledar, muka goge kawunan batirin da suka yi kore. Shi Allah ya taimake shi, ya zo da wuri. Da yawa sai zafin ya gama dafa yankunan da ke tsakiya suke zuwa, domin su ne iska ba ta isa sosai, su ne ke fara mutuwa.

Don haka nake gaya wa kowa cewa a wannan motar kunna esi ba almubazzaranci ba ne. Iskar da kake shaƙa a ciki ita batirin yake shaƙa. Wanda ya kashe esi da tsakar rana don ya tsimi mai, ya buɗe gilasai ƙura na shiga, ya tsimi kaɗan ya yi asarar mai yawa. A nemi inuwa wajen ajiye ta, ko da rumfar kwano ce. A buɗe fankar a share ta duk bayan hunturu, wanda ke yawan bin hanyar ƙasa kuma ya ƙara. Kada a ɗora buhu ko jaka ko darduma a bakin tagar.

Ko da an kula da shi, batir tsufa yake yi, kuma wannan ne dillali ba zai tsaya yi maka bayani a kai ba. Garantin da Toyota ta bai wa batiran waɗannan shekarun a yawancin jihohin Amurka shekara 8 ne ko kilomita 160,000. Motar 2012 ko 2013 da ake sauke mana yau ta wuce wannan tuntuni, ga zaman da ta yi a tashar jiragen ruwa da filin dillalai wata da watanni ba a tayar da ita, abin da irin wannan batirin ba ya so. Alamun gajiyarsa a bayyane suke: layukan caji a allo su cika cikin minti kaɗan su zube cikin minti kaɗan, injin ya daina kashe kansa a tsaye, ka riƙa jin fanka na gurnani a bayanka, shan mai ya ƙaru. Daga ƙarshe kwamfuta ta nuna lambar P0A80. Ana iya goge lambar, fitilar gargaɗi ta mutu na ɗan lokaci, kuma akwai masu yin haka kafin su kai mota kasuwa.

Sau da yawa ana roƙona in canza yanka ɗayan da ya mutu kawai. Ina yi in mutum ba shi da hali, amma sai na gaya masa gaskiya tukuna. Yankunan nan kamar shanun huɗa suke a karkiya ɗaya: in ka haɗa ƙaƙƙarfa da gajiyayye, tafiyar gajiyayyen za a yi, kuma ba a daɗewa wani ya durƙushe. Gyaran da ke ɗorewa shi ne a auna kowane yanka a kan nauyi, a haɗa masu ƙarfi daidai da juna, ko a sa batir cikakke mai lafiya. Hukuncina a nan shi ne, kuɗin man da motar ke rage maka ba duka ne naka ba. Akwai rabon batir a ciki. Wanda ya riƙa ware wani abu duk wata, ranar da za a canza ba zai ji ta a jikinsa ba. Wanda ya cinye duka, shi ne za ka ga motarsa ta shekara a ƙofar gida ƙarƙashin tampol, yana gaya wa mutane haibirid ba ta da kyau.

Abu na biyu da ke kashe ta hannun da bai san ta ba ne, kuma a nan da 'yan uwana masu sana'a nake. Kwamfiresan esinta da wutar babban batir yake aiki, yana da mansa na musamman, ND-11. Mai ɗura gas da ya zuba masa man esin sauran motoci ya buɗe wa wuta hanyar zurara, motar na iya ƙin tashi gaba ɗaya, gyaran kuma ba ƙaramin kuɗi ba ne. Tana da hanyar ruwa biyu, ɗaya ta injin, ɗaya ta na'urar juya wuta, kuma dukansu ruwan sanyaya na kamfani suke so, ba ruwan rijiya ba. Baƙin manta marar kauri ne, 0W-20. Injin da ke tashi yana mutuwa a kowace mahaɗa ba ya son mai kaurin da muka saba zuba wa tsofaffin motoci. Masu wankin mota su daina harba ruwa mai ƙarfi cikin bonet. Duk wayar da ka gani ruwan lemo, wutar da ke cikinta na iya kisa. Ba a taɓa ta sai an zare filogin tsaro, an sa safar hannu ta lantarki. Ya kamata kowane oga ya zaunar da yaran shagonsa ya nuna musu wannan tun ranar farko. Haka nan in fitilar READY na kunne, motar a kunne take ko da ba ka jin ƙarar komai, injin na iya tashi da kansa a kowane lokaci. Kada a juye baƙin mai a haka, kada a sa hannu a injin, kada kuma a bar ta a rufaffen gareji a kwana, hayaƙin salansa ba ya sallama.

Mai motar ma akwai ɗabi'un da zai bari. Ba ta tashi da turi. Ba a jan ta da igiya tayoyin gaba na ƙasa, sai dai a ɗauke ta. A cunkoso kada a sa giyarta a N, domin a nan ba ta caji. In tsayuwar ta yi tsawo a sa P. Harafin B na gangara ne, irin ta Hawan Kibo, ba na yawon gari ba. Kada a bari mai ya ƙare ƙarƙaf a ce za a ƙarasa da wuta, in babban batirin ya zube ƙasa ba kowane gareji ke da abin tayar da shi ba. A guji man 'yan bumburutu in da hali. Akwai kuma ƙaramin batir mai bolt 12 da ke kunna kwamfutocinta. In ya yi sanyi motar kan nuna gargaɗi iri-iri masu tayar da hankali, alhali shi kaɗai ne matsalar, don haka shi ake fara aunawa. Kada a ba wata mota wuta da shi. Ruwan da ya kai gindin ƙofa kuma kada a shiga, batirin a ƙasa yake.

Abin da ya fi damuna ban da kuɗi shi ne shirunta. A lungu, in tana tafiya da wuta, yaron da ke wasa a ƙofar gida ba ya jin zuwanta, haka tsoho, haka makaho mai bin hanya da kunne. Duk mai irin wannan motar ya zagaya bayanta kafin ya yi ribas, ya kuma riƙa ɗan taɓa ham a kwana.

Wa ta dace da shi? Ma'aikaci ko 'yar kasuwa ko malamar makaranta da yawancin tafiyarsu cikin gari ce kullum, suna da inuwar ajiye mota, kuma a garinsu akwai wanda ya san aikinta: su kam ina ba su shawara su saya, ni ma da zan sake saye ita zan ɗauka. Wanda rayuwarsa doguwar hanya ce da kaya, ko zai ajiye ta sai ƙarshen wata ya tayar, ko yana inda ba mai kwamfutar duba ta, ƙaramar mota mai injin fetur zalla ta fi masa kwanciyar hankali. Aqua ta Japan da sitiyarin dama take zuwa, in ka gan ta da na hagu to juya shi aka yi, kuma wayoyin da aka yanka aka ƙulla wajen juyin su ne ke dawo mana da ita gareji.

In ka yanke shawarar saye, kada ka biya ko sisi sai ka je da mai kwamfutar da ke karanta ƙarfin sassan batirin ɗaya bayan ɗaya, ku hau ta ku yi tafiya mai ɗan nisa da esi a kunne yana kallon alƙaluman. Dillalin da ya hana ka wannan gwajin, ka bar masa motarsa.