Tagwaye ba su da iko a kan kunama

 

Wani ɗan'uwa daga Kiyeshe ya tare ni bayan zikirin Juma'a da tambaya. Allah ya ba shi tagwaye, sai tsofaffin gida suka ce a yi hattara da su: kunama ba ta harbinsu, su ne ma ke aika ta, kuma in aka ɓata musu rai kuɗi sai su ɓace daga aljihu. Wai dole uwarsu ta fita bara da su, in ba haka ba ba za su zauna ba. Ya ce, "Malam, mene ne gaskiyar wannan?"

Ƴan'uwa, mu ɗan leƙa waje tukuna. A ƙasar Kalaba ta kudancin Najeriya, a da, ana ganin ɗaya daga cikin tagwaye ɗan iska ne, tunda kuwa ba a san wanne ba sai a hallaka duka biyun, a kori uwar. Mary Slessor, ƴar mishan da ta sauka can a 1876 ta rasu a 1915, ta yi suna ne wajen tsamo irin waɗannan jarirai. A yankin Mananjary na Madagaska har zamaninmu akwai gidajen da ke ƙin riƙon tagwaye. Yarbawa kuwa girmama su suke, in ɗaya ya rasu a sassaƙa masa ɗan gunki a riƙa yi masa hidima.

Mai karatu zai ce alhamdu lillahi, mu Arawa ba mu kashe tagwaye. Gaskiya ne, mun gode Allah. Amma a duba da kyau: wanda ya jefar da su da wanda ke tsoron ɓata musu rai, rijiya ɗaya suka sha. Dukansu sun ɗauka jaririn da bai iya korar ƙuda daga fuskarsa yana da ikon cutarwa ko amfanarwa. Nan ne aikin murid yake. Abin da shehunnanmu ke ta shuka mana shi ne babu mai aikatawa a haƙiƙa sai Allah. To yaya mutum zai ja haila ɗari da safe, da yamma kuma gabansa na faɗuwa don Usaini ya harare shi?

Suratut Takwir, aya ta 8 da ta 9, ta nuna cewa ran ƙiyama jaririyar da aka binne da rai ita za a tambaya laifin da ya sa aka kashe ta. Tun cikin jahiliyya ma an sami masu tausayi: Zaidu ɗan Amru ɗan Nufailu yakan karɓi yarinya daga hannun uban da ke shirin binne ta, ya ɗauki nauyinta. Suratush Shura kuma, aya ta 49 da ta 50, ta mayar da bayar da ƴaƴa, maza ko mata ko duka, ga ganin damar Allah shi kaɗai.

Wani abu da da yawa ba su lura ba: Sayyidina Hasan da Sayyidina Husaini ba tagwaye ba ne. An haifi Hasan a shekara ta 3 bayan hijira, Husaini a ta 4. Don ƙauna da neman albarka muke sa sunayensu, kuma hakan ya yi kyau. Gambo da ke bin bayansu shi ma yaro ne kamar kowa.

Batun bara shi ya fi damuna. Na sha ganin mai jego zaune a bakin kasuwar Dogon Dutsi cikin zafin bazara, jarirai biyu kwance a zane, ƙura na sauka a kansu. Tagwaye sau da yawa bakwaini suke zuwa, ba nauyi, nonon uwa kuma rabawa suke. Ranar nan da ƙurar nan suna iya yin abin da mutanen Kalaba suka yi da hannu.

Na ce wa ɗan'uwan ya yanka rago ɗaya ga kowane yaro ran suna, kamar yadda yake a mazhabar Malikiyya, in da hali. Ya kai su awo da rigakafi, ya ciyar da uwar sosai. Sadakar da za ta fita nema kuwa, muƙaddami ya sa ƴan zawiya su haɗa hatsi da sabulu a kai mata har ɗaki.